Lemo: Daga Reshen Itace Zuwa Cikin Kwalba

Kalmar "lemo", wadda wasu ke furtawa "lemu", tana da manyan ma'anoni biyu a Hausar yau, kuma dukkansu suna raye a bakin mutane. Ta farko ita ce ɗan itacen nan mai ɓawo da ruwa, mai tsami ko mai zaƙi. Ta biyu ita ce abin sha mai zaƙi da sanyi da ake ɗurawa a kwalba ko gwangwani ko roba, musamman mai gas, wanda ke tasowa da kumfa idan an buɗe shi. Jam'inta "lemuka" ya fi yawa a ma'ana ta biyu, domin da wuya a ji mai tallan kayan marmari yana cewa ya kawo lemuka, amma mai shirin walima zai ce an tanadi ruwa da lemuka.

Birnin Kano ya raba wa ma'anonin biyu kasuwa. A Na'ibawa, kan hanyar Zariya, akwai Kasuwar 'Yan Lemo, inda manyan motoci ke sauke lemun zaƙi daga kudu, galibi daga jihar Binuwai, a zube shi tsibi-tsibi a ƙasa, a ware manya da ƙanana kafin 'yan sari su ɗiba. Sunan kasuwar ya tsaya a kan lemo duk da cewa ayaba da abarba da kankana da mangwaro suna cika ta a lokutansu. Wanda kuwa aka aika ya sayo kiret goma na lemo don ɗaurin aure ba zai nufi Na'ibawa ba. Kasuwar Singa zai dosa, inda ake jera katan-katan har su kusa taɓa rufin shago. Babu wanda ya taɓa zama ya koya wa ɗan aiken wannan bambanci. Kalmar "kiret" kaɗai ta ishe shi.

Idan ana son fayyacewa, Hausa tana jingina kalmar da wata. A ɓangaren itace akwai lemun tsami da lemun zaƙi da lemun Masar. A ɓangaren abin sha akwai lemun kwalba da lemun gwangwani da lemun roba da lemun kwali. Abin lura shi ne, na itace ana bambanta su da ɗanɗano ko wurin da aka jingina su gare shi, na shago kuwa ana bambanta su da mazubi. "Lemun kwalba" ya zama sunan jinsin baki ɗaya, har ana kiran wanda ke cikin roba da shi, domin kwalba ce mazubin da mutane suka fara sani.

Asalin kalmar

Itatuwan dangin lemo ba 'yan asalin Afirka ba ne. Mahaifarsu ita ce yankin da ya taso daga arewa maso gabashin Indiya zuwa kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya. Daga can suka yi ta matsowa yamma a hannun manoma da fatake, sunansu yana biye da su. Farisawa suna cewa "limu" ko "limun", Larabawa suka karɓa suka ce "laimun". Bayan yaɗuwar Musulunci an dasa itacen a Iraƙi da Sham da Masar, aka ƙetara da shi Sisili da Andalus. A ƙarni na 12 Ibn Jumai, likitan Sarki Salahuddin a Masar, ya yi rubutu na musamman a kan amfanin lemun tsami ga lafiya da hanyoyin sarrafa shi. Takardun 'yan kasuwa na tsohuwar Alƙahira sun nuna cewa a waɗancan ƙarnoni ana cinikin ruwan lemun tsami da aka haɗa da sukari, ana ɗura shi a kwalabe ana kai shi wasu garuruwa. Wato tun kafin a san gas, lemo da sukari da kwalba sun riga sun haɗu.

Daga Larabci kalmar ta rabu hanya biyu. Ɗaya ta bi teku zuwa Turai, ta zama "limone" a Italiyanci, "limon" a tsohon Faransanci, daga nan ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1400 a matsayin "lemon". Ɗayar ta bi ayarin raƙuma ta ratsa Sahara. Shi ya sa ake jin 'yan uwanta a harsunan da ke jere a bakin hamada: Zabarmawa suna cewa "leemu", Bambara na Mali suna cewa "lenburu", haka kuma Fulfulde da Barbarci suna da siffofi makusanta. A gabashin Afirka, inda Larabawa suka zo ta jiragen ruwa, Sawahili yana da "limau".

Wannan ya warware wani kuskure da ake yawan yi. Da yake mutane da dama suna rubuta "lemon tsami" da "lemon kwalba", wasu kan ɗauka cewa daga Turanci aka aro kalmar. Kamar da ke tsakaninsu ta 'yan uwantaka ce: kaka ɗaya gare su, amma kowace da hanyar da ta biyo. "Lemon" na Hausa "lemo" ne da aka ɗafa wa harafin nasaba, kamar yadda "gida" ke zama "gidan", "tulu" ke zama "tulun". J. M. Dalziel ya riga ya sa kalmar cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, tun Turanci bai wuce bakin 'yan tsirarun ma'aikata ba a ƙasar Hausa, haka kuma tana cikin babban ƙamus na Bargery na 1934.

Masanin harshe Joseph Greenberg, a wata maƙala da ya buga a 1947, ya nuna cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa ta ƙofa biyu: wasu ta bakin mutane a cikin cuɗanya da ciniki, wasu ta hannun malamai daga littattafai. Lemo yana tafe ne cikin ayarin kayan masarufi, tare da albasa da alkama da sukari da sabulu. Wasalin "e" da ke farkonsa shi ne ake ji a Larabcin baka na Sudan da Chadi, inda ake cewa "lemun", saɓanin "laimun" na littafi.

Saura batun harafin ƙarshe da ya ɓace. Hausa tana son kalma ta ƙare da wasali, kuma tana da dabaru biyu na cim ma haka idan ta yi aro. Wani lokaci takan ƙara wasali, kamar yadda "ƙalam" ya zama alƙalami, "sukkar" ya zama sukari. Wani lokaci takan yar da baƙin ƙarshe, kamar yadda "basal" ya zama albasa. Lemo ya bi hanya ta biyu, kuma yana da wani dalili na ƙari: kunnen Bahaushe idan ya ji "lemun" zai ɗauka an soma jingina ne ba a ƙarasa ba, sai ya jira ya ji lemun me. Da aka cire wancan "n" sai aka sami "lemu", kuma da zarar an jingina shi sai siffarsa ta Larabci ta dawo daram, kamar a "lemun tsami". Zaitun bai sami irin wannan gyara ba. Ya zauna da harafinsa, domin an fi saninsa ta karatu da magani, bai shiga hannun 'yan talla da yara ba.

Lemun zaƙi ya zo daga baya. Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi a ƙarni na 16, har Larabawa suka raɗa masa sunan ƙasarsu suka ce "burtuƙal". Hausa ba ta ari wannan suna ba. Ta ɗauki tsohuwar kalmarta ta faɗaɗa, ta raba gida da tsami da zaƙi. Wannan ita ce faɗaɗawa ta farko, kuma ta nuna halin kalmar tun da wuri: tana karɓar baƙo ta ba shi masauki a ƙarƙashin sunanta.

Daga ɗan itace zuwa abin sha

Abu na farko da ya sauƙaƙa ƙaurar kalmar yana cikin Hausa kanta. Bahaushe ba ya cin lemo, shan sa yake yi, kamar yadda yake shan mangwaro da rake da kankana. Duk wanda ya tsaya gaban mai tallan lemo a bakin tasha ya ga dalili. Mai lemon zai riƙe shi a hannun hagu, ya sa 'yar wuƙa ko reza ya fere koren ɓawon yana juyawa, ya bar farin nan mai laushi, sannan ya yanke ɗan murfi a sama. Mai saye ya kafa baki yana matsawa yana zuƙa har ruwan ya ƙare, ya jefar da totuwar. Lemun da aka fere ta wannan hanya mazubi ne da abin sha a haɗe, har da murfinsa. Da kwalba ta zo da ruwa mai launinsa da zaƙinsa, jimlar "zo ka sha lemo" ba ta buƙaci a canja mata ko harafi ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne, Afirka ta Yamma ta daɗe da nata abin sha mai sunan lemo. A Mali da Burkina Faso da arewacin Kwaddebuwa ana yin "lemburuji", daga "lenburu" da "ji", wato ruwan lemo, kodayake citta ce ke da rinjaye a cikinsa. A Yamai da sauran garuruwan Nijar akwai "lemu hari", wanda shi ma da Zabarmanci ruwan lemo yake nufi. Sunan "lamurje", da Hausawa ke kiran jiƙon nan mai tsami da kayan yaji da ake sha da azumi, bai ɓoye kamarsa da "lemburuji" ba, kuma zangunan Gana sun san shi da suna makusancin wannan. A duk waɗannan, sunan lemo ya riga ya bar itace ya koma kan abin sha mai sanyaya maƙogwaro, ko da wani abu ne ya fi yawa a ƙwaryar.

Abu na uku ya zo ta teku. A Faransa an ƙera kalmar "limonade" a ƙarni na 17, kuma a 1676 aka ba wata ƙungiyar masu sana'ar a Paris izinin sayar da shi su kaɗai. Suna yawo da tankuna a bayansu suna tsiyaya wa mutane a kofi. Wancan ruwan ba shi da gas. Gas ɗin ya fito ne daga wani neman daban. Turawa sun daɗe suna zuwa maɓuɓɓugan da ruwansu ke fitowa da kumfa, irin na Spa a Beljiyam da Selters a Jamus, suna sha don neman lafiya, masana kuma suna ta ƙoƙarin kwaikwayon wannan ruwa. A 1767 Joseph Priestley, wani malamin coci a garin Leeds na Ingila, ya rataya kwanon ruwa a saman tukunyar da ake ruɓar da hatsi a wata masana'antar giya da ke maƙwabtaka da shi, ya tarar ruwan ya shanye iskar da ke tashi, ya sami ɗanɗano mai ɗan yaji. Ya buga bayanin hanyar a 1772. Wani mai gyaran agogo, Jacob Schweppe, ya mayar da abin sana'a a Janeba a 1783, ya buɗe masana'anta a Landan a 1792. A farkon rabin ƙarni na 19 aka soma zuba wa ruwan sukari da ɗanɗanon lemun tsami, kuma wannan haɗi ya zama ɗaya daga cikin mafiya karɓuwa a Birtaniya da ƙasashen da take mulka.

Iskar da ake magana a kanta ita ce kabon dayokzaid, wadda ɗan Adam ke fitarwa idan ya numfasa. Tana narkewa cikin ruwa gwargwadon matsin da aka yi mata da kuma sanyin ruwan. Idan aka buɗe murfi matsin ya sauka, sai ta nemi hanyar fita, ta taso ƙwaya-ƙwaya. Shi ya sa kwalbar da ta sha rana take ambaliya a hannun mai buɗewa, mai sanyi kuwa ta yi ɗan huci ta tsaya, kuma shi ya sa mai sha yake gyatsa. Babbar matsalar masu sana'ar ta farko ita ce yadda za su tsare wannan iska. Hiram Codd na Landan ya ƙera kwalba mai ƙwallon gilashi a wuya a 1872, wadda gas ɗin da kansa ke tura ƙwallon ya toshe bakin. William Painter na Baltimore a Amurka ya fito da murfin ƙarfe mai haƙora a 1892, wanda har yau shi ne a kan lemun kwalba.

A Najeriya, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwarori suka biyo shi da kayan ƙetare. Yin lemo a cikin gida da yawa ya kankama ne a shekarun 1950. A. G. Leventis ya kafa Nigerian Bottling Company a 1951, aka soma ɗura Coca-Cola a Legas a 1953, Fanta mai ɗanɗanon lemun zaƙi ta biyo baya a 1960. Kamfanin Seven-Up na iyalin El-Khalil ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1960, ranar da ƙasar ta sami 'yancin kai. Daga baya masana'antu suka bazu zuwa Arewa, ciki har da Challawa a Kano. Yawancin abin da ya fara isa hannun mutane dangin lemo ne a ido da harshe: ko dai fari garau mai ɗanɗanon lemun tsami, ko mai launin ruwan lemo da hoton ɗan itacen a jikin talla. Da sunan ya kama waɗannan, sai ya rufe sauran, har da baƙin da ba shi da wata alaƙa da lemo.

Akwai kuma wata buƙata da kalmar ta biya. Kwalba a idon Bahaushe Musulmi abar tuhuma ce, domin giya ma a cikinta take zuwa, har ana cewa wane "ɗan kwalba" ne ko yana "kurɓawa". Kalmar "shaye-shaye" ita ma ta riga ta karkata ga kayan maye. Ana buƙatar suna mai tsabta da zai raba kwalbar da za a ajiye gaban malami ko suruki da wadda ba a shiga da ita gida. Sunan ɗan itacen da kowa ya sani, wanda ake kai wa maras lafiya a asibiti, ya dace da wannan aiki ƙwarai.

Ba Hausa kaɗai ba

Hausawa ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba, kuma hakan yana ƙarfafa bayanin. A Jamus "Limonade", ko "Limo" a taƙaice, yana nufin kowane abin sha mai gas da zaƙi. A Rasha "limonad" yana da irin wannan faɗi. Mutanen Finland suna cewa "limsa" ko "limu", wanda kusan ya yi daidai da lafazin Bahaushe duk da nisan da ke tsakani. A Japan akwai "ramune", wanda lafazin Japanawa ne na kalmar Ingilishi "lemonade". Wani Bature mai haɗa magunguna, Alexander Cameron Sim, ya soma sayar da shi a birnin Kobe a 1884, kuma har yau ana ɗura shi a kwalbar Codd mai ƙwallo.

Sauran al'ummu sun kama wani ɓangare daban na abin suka yi suna da shi. A kudancin Najeriya da Gana da Ailan ana cewa "mineral", ragowar sunan ruwan maɓuɓɓugan nan masu ma'adinai da aka fara kwaikwayo. A Nijar da maƙwabtanta masu Faransanci ana cewa "sucrerie", wato kayan sukari, a Kamaru kuma "jus". Sudan tana cewa "barid", mai sanyi, kamar yadda Bahaushe kan ce a kawo wa baƙo abu mai sanyi. Turkawa suna da "gazoz" daga kalmar Faransanci mai nufin mai gas. A tsakiyar ƙasar Amurka da Kanada da sassan Ingila ana cewa "pop", kwaikwayon ƙarar toshiya idan ta fita, kalmar da aka gani a rubuce tun 1812. A jihohin kudancin ƙasar Amurka kuwa sunan Coke ya zama na kowane iri.

"Soda", wadda ta mamaye gabashin Afirka da gaɓar tekun Amurka ta gabas da ta yamma, ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin tana da dangi a kowane madafin Hausawa. Asalinta sunan wani gishiri ne mai kaifi da ake samu daga tokar tsirran bakin teku, ana yin sabulu da gilashi da shi. Masu haɗa ruwan gas na farko sukan zuba ɗan wannan gishiri don ya yi kama da na maɓuɓɓuga, sai aka kira shi ruwan soda. Daga sunan ne masani Humphry Davy ya raɗa wa sinadarin sodiyam suna a 1807. Irin wannan gishiri da ake haƙowa daga busassun tafkuna shi ne Larabawa ke kira "natrun", kuma shi ne kanwa, wadda fatake suka daɗe suna ɗaukowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga zuwa kasuwannin Hausa, ana sa ta a miyar kuka da wake da kunun kanwa, ana ba dabbobi. A Hausa kalmar "soda" ta tsaya kusa da ma'anarta ta farko: an fi jin ta a bakin masu haɗa sabulu, kuma abu ne da ake nesanta shi da yara.

Goro ma yana cikin labarin. Rabin sunan Coca-Cola, wanda John Pemberton ya haɗa a Atlanta a 1886, daga "kola" ne, sunan goro a wasu harsunan gaɓar Afirka ta Yamma. Wannan shi ne goron da fataken Hausa suka yi ƙarnoni suna ɗaukowa daga Gwanja. Ya ƙetare teku ya ba wani jinsin abin sha sunansa, jinsin ya dawo ƙasar masu cin goro aka sa shi a ƙarƙashin lemo.

Iyakar kalmar a yau

Faɗaɗawar ba ta tsaya a kan kayan masana'anta ba. A shirye-shiryen girki na rediyo da talabijin da shafukan mata ana koyar da haɗa lemun abarba, lemun kankana, lemun citta, lemun tsamiya, lemun mangwaro. A nan "lemo" yana nufin duk wani ruwa mai zaƙi da aka tace aka sanyaya, ko da gas ko babu. Amma kalmar tana da iyakar da ba ta ƙetarewa. Abin da aka dama da hatsi ko ya yi kauri ba ya zama lemo: kunun zaƙi kunu ne komai sanyinsa, haka kunun aya, fura kuma tana nan a fura. Abin da ake sha da zafi, irin shayi, ba ya shiga. Zoɓo yana bakin iyaka. Ya cika duk sharuɗɗan, amma sunansa ya yi ƙarfin da ba ya buƙatar jingina. Daga wannan ana iya gane ma'aunin da masu harshen ke amfani da shi ba tare da sun faɗa ba: tsinkakke, mai zaƙi, mai sanyi, marar sa maye.

Kalmar ta kuma shiga al'ada. A da baƙo ruwa ake fara ba shi, sannan fura ko goro. Yanzu a birane tire ne ke fitowa da ruwa da lemo da kofi, kuma uwar gida kan aiki yaro shagon unguwa da sauri tun baƙon bai gama gaisuwa ba. Idan kwalbar gilashi ce, mai shago zai ce a ajiye kuɗin kwalba ko a dawo masa da ita, domin motar kamfani ba ta sauke cikakken kiret sai an ba ta wanda babu komai. 'Yan kawo lefe ana tarbarsu da kaji da cincin da lemo. A tashar mota yara suna zagaya tagogi da bokiti cike da ƙanƙara suna kiran "ga ruwa ga lemo mai sanyi". Mai ba da ɗan ihsani, wanda a da zai ce "ga na goro", yanzu yakan ce "ga wannan ka sha lemo". Zuwan robar da ba a mayarwa, wadda ta yaɗu daga farkon shekarun 2000, ya rage zirga-zirgar kwalabe, ya kuma bar wa magudanun ruwa nauyin da kowa ke gani da damina.

Abin da ya kamata mai sha ya sani shi ne, sunan ya yi nisa da abin da ke cikin mazubin. Akasarin lemun kwalba ruwa ne da sukari da gas da launi da ƙamshi, ruwan 'ya'yan itace kuwa ko babu ko ɗan kaɗan. Ko tsamin da ake ji ba daga itace yake ba. Sinadarin da ke ba lemun tsami tsaminsa, wanda Carl Scheele na Suwidin ya fara warewa daga ruwan lemo a 1784, an daɗe ana samun sa daga gonakin Italiya. A 1917 wani masani a Amurka, James Currie, ya gano cewa wata irin fumfuna mai suna Aspergillus niger tana samar da shi idan aka ciyar da ita da sukari. Kalmar "niger" a nan baƙi take nufi da Latin, ba ta da alaƙa da ƙasar Nijar ko kogin Kwara. Cikin shekaru kaɗan masana'antu suka koma wannan hanya, kuma a yau ƙasar Sin ce ke kan gaba wajen samar da shi. Baƙin lemo kuwa da wani sinadarin daban, na fosfarus, ake tsamama shi.

Sukarin shi ne abin damuwa. Lemun kola na yau da kullum yana ɗauke da kimanin giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, wato robar santilita 50 ta haura giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, abin da ya kama kimanin giram 50 ga baligi, ko ƙaramin cokali 12. Roba ɗaya ta cinye kason yini guda. Dokar Kuɗi ta 2021 a Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, kuma kafofin labarai na Hausa sun kawo labarin da sunan harajin lemun kwalba, domin babu wata kalma da mai sauraro zai fi saurin ganewa.

A asibiti ne ma'anonin biyu suka fi yin karo. Ma'aikaciyar jinya za ta ce wa mai jego ta riƙa shan lemo don ƙarin lafiya, likita kuma ya ce wa mai ciwon sukari ya bar shan lemo, alhali abu biyu daban suke nufi. Daga irin wannan buƙata aka sami sabuwar jingina, "lemun ɓawo", wadda ake ji a bakin masu ba da shawarar abinci da 'yan kasuwa da matan gida. A da ɗan itacen shi ne lemo kai tsaye, na shago ne ke buƙatar a ce "na kwalba". A biranen yau, idan aka aiki yaro ya sayo lemo ba tare da ƙarin bayani ba, shagon da ke da firiji zai nufa, mai son na itace kuwa sai ya ƙara da cewa na ɓawo yake so.